Ƙuri'u biyu a Fife

Masu cewa "ƙuri'ata ɗaya me za ta canja?" ku zo ku ji labarin mazaɓar Arewa maso Gabashin Fife a Scotland. Menzies Campbell na Liberal ya riƙe kujerarta a majalisar Birtaniya daga 1987 har 2015, sannan SNP ta karɓe. A zaɓen 2017 Stephen Gethins na SNP ya samu ƙuri'u 13,743, 'yar takarar Liberal 13,741. Sai da aka sake ƙirga sau uku fa! Jami'ar St Andrews tana cikin mazaɓar, kuma ni dai ina ganin ɗalibai uku cikin magoya bayanta da suka yi ƙyuyar fitowa sun isa su kayar da ita. Liberal ba su dawo da kujerar ba sai 2019.