Ɗalibin Hausa da Tafkin Kainji

Hausawa na cewa gani ya kori ji. To, amma in da za a tara ɗaliban Hausa na Samaru a ce su bambanta gwanki da kanki, ko maraya da barewa, kaɗan ne za su fita kunya. Ɗalibi yakan rubuta kirarin gwanki sha bara a jarrabawa, ya ci maki, alhali kuwa bai taɓa ganin gwankin ba. Dorina kuwa, iyakar saninsa da ita bulalar kasuwa ce. Wannan ba ƙaramar asara ba ce, domin karin magana da tatsuniya da kirarin maharba duk a daji suka yi saiwa. Wanda bai san halin dabba ba, ba zai gane hikimar da aka gina a kanta ba.

Saboda haka ya kamata Sashen Hausa ya ɗauki gandun daji tamkar ɗakin karatu, musamman na Tafkin Kainji. Tafkin ya samu ne bayan da aka datse Kogin Kwara, aikin da aka kammala a 1968. A 1979 kuma aka haɗe dazuzzukan Borgu da Zugurma suka zama gandun ƙasa guda. A ɓangaren Borgu, a bakin Kogin Oli, akwai dorina da kada, ga gwanki da maraya a sarari. Yini guda a nan ya fi darasin wata guda a aji.

Lalle mai karatu zai ce hanya ba lafiya, kuma gaskiyarsa, don kuwa 'yan bindiga sun sami mafaka a sassan dajin, kamar yadda suka yi a Kamuku ta Birnin Gwari. Amma wannan dalili ne na gaggawa, ba na naɗe hannu ba. Kafin daji ya lafa, ga madatsar ruwa ta Kubanni nan cikin jami'a. Sai ɗalibai su taka da ƙafa da sassafe tare da tsofaffin maharba da masunta, su ga belbela da zalɓe, su rubuta sunan kowane tsuntsu da kowace itaciya daga bakin masu su.

Tsofaffin nan ƙarewa suke yi, namun dajin ma haka. Idan aka yi sake, nan gaba sai a ƙamus kaɗai za a riƙa gamuwa da gwanki.