Wa Ya Ci Amanar Robin?

A hutun da ya wuce ina gida Lambara, na zauna gindin dogon yaron ƙofar gidanmu ina karanta wani tsohon littafin zane na Batman a waya. Ƙanena ya leƙo ya ce, "Yaya, kai da za ka gama difloma, katun kake kallo?" Na yi dariya, amma wallahi labarin ya tsaya mini a rai, don na ga mutanen garinmu a cikinsa.

Batman jarumi ne attajiri da kamfanin DC na Amurka ya ƙirƙira, kuma tun 1940 aka haɗa shi da yaro mai take masa baya, wato Robin. Na biyu da ya riƙe wannan suna shi ne Jason Todd, yaron titi marar gata. Batman ya kama shi yana kwance masa tayoyin mota, maimakon ya miƙa shi ga hukuma, daga baya ya ɗauke shi ya koya masa faɗa. A 1988 Jason ya gano cewa mahaifiyarsa ta asali likita ce a Habasha. Ya bi ta har can, ita kuwa don ta rufe asirin satar da take yi, ta miƙa shi ga Joker, babban abokin gabar Batman. Aka yi masa dukan kawo wuƙa, aka bar su tare da bam. Duk da haka yaron nan ya yi ta ƙoƙarin ceton ta.

Ga inda abin ya fi ba ni tsoro. Kamfanin ya ba masu karatu lambobin waya biyu su zaɓa: ya rayu ko ya mutu. Ƙuri'a 5,343 suka ce ya mutu, 5,271 suka ce ya rayu. Bambancin 72 kacal.

Kowa zai ce uwar ce ta ci amana, kuma haka ne. Ni dai tambayata, wa ya sa wa ɗan yaro kayan jarumta ya tura shi gaban makasa? Ai ubangidansa ne. Shi kuwa ba a cika tuhumarsa ba, saboda shi ne mai labarin.

Ɗan ƙanin babana yana da shekara 14 aka kai shi Sakkwato wurin wani mai shagon kayan babur. Baffa ya damƙa hannunsa ya ce, "Ga ɗanka nan, Alhaji, amanar Allah." Alhaji ya ce bayan shekara shida zai sallame shi da jari. Ba takarda, ba shaida. Yaro ya yi shara, ya yi dako, ya kwana a shago. Saura 'yan watanni wa'adi ya cika, sai aka ce kuɗi sun ɓace. Ya sauka daga mota a bakin titin garinmu da jakar leda ɗaya. Kafin magariba magana ta zagaye gari: yaro ya ci amana. Ba wanda ya ce a kawo littafin ciniki a duba. Mu ma mun kaɗa tamu ƙuri'ar ke nan.

Kada a fahimce ni baibai. Akwai yaran da ke zarar kuɗin aljihun tebur, kuma akwai iyayen gida na ƙwarai da suka tsayar da yaransu har suka zama masu shago. Tsarin ya rufa wa gidaje da yawa asiri. Abin da nake ƙi shi ne yadda muka mai da amana kaya a kan ƙarami kaɗai. Wanda ya karɓi ɗan mutane, shi ma amana ya karɓa, kuma tasa ta fi nauyi don shi ke da ƙarfi.

Maganin ba mai wuya ba ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umurni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu. To alƙawarin jari bayan shekara shida ba bashi ba ne? A rubuta shi gaban mai unguwa, kowa ya riƙe kwafi.

'Yan uwana ɗalibai, mu ma abin ya shafe mu. Da kakar zaɓe ta matso za ku ji ana kiran wasunmu "yaran wane", a raba mana riga da hula a sa mu gaba. Kafin ka karɓa, tambayi kanka: in abu ya ɓaci, wa zai je asibiti, wa zai tafi gida? Gobe kuma, in Allah ya buɗa mana aka kawo mana ɗan wani, mu tuna ranar da mu ne yaran.