Masu Ɗaukar Hoton Faretin Soja, Wa Kuke Tunawa?

Duk 15 ga Janairu sai ka ga samarinmu na Kawo, Unguwar Sarki, Badarawa da Unguwar Rimi sun yi dafifi wajen bikin tunawa da mazan jiya, kowa da wayarsa a sama, wai suna ɗaukar hoton sojojin da aka jera don girmamawa. Kafin la'asar hotuna sun cika Facebook da WhatsApp: ga takalmi yana ƙyalli, ga farar safar hannu, ga manya na ajiye furanni, ga tattabaru an saka. Ana ta yabon wanda hotonsa ya fi fita. To jama'a, ina tambaya, a cikin waɗannan hotuna ina mamacin da ake tunawa? Wa ya san sunan ko da mutum guda?

Mu fara da asalin abin. Turawan mulkin mallaka ne suka kawo mana shi. A da ranar 11 ga Nuwamba ake yi, ranar da aka tsagaita wuta a yaƙin duniya na ɗaya a 1918. Daga baya aka mayar da shi 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Busa bigila, tsayuwar shiru da ajiye furanni duk gadon Ingila ne, muka karɓa ba mu tambaya ba.

Amma mu mutanen Kaduna wannan rana tana da wani tarihin da ba a faɗa a filin fareti. A 15 ga Janairun 1966 ne sojoji ƙarƙashin Manjo Nzeogwu suka afka gidan Sardauna Ahmadu Bello, inda Arewa House take yanzu, suka kashe shi da matarsa Hafsatu. A daren nan aka kashe Birgediya Ademulegun da matarsa, duk a garin nan. Da Nzeogwu ya mutu a yaƙin basasa a 1967, nan Kaduna aka kawo gawarsa aka binne a maƙabartar soja da cikakkiyar girmamawa. Ka ga ke nan fareti ba ya tantance mai gaskiya da mai laifi, wanda hukuma ta nuna shi ake sara wa. Da akwai waya a lokacin, haka za ku yi dafifi ku ɗauka?

Sannan ina kakanninmu da aka kwasa zuwa yaƙin Barma? Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, cike da 'ya'yan talakawan Arewa, suka yi yaƙi da Jafan a dazukan Arakan a 1944 da 1945, yaƙin da ba su san mafarinsa ba. Barikin Dalet da ke Kawo da barikin Kalapanzin sunayen wuraren can suka ci. Sunan daji ya samu bariki, sunan Bahaushen da ya faɗi a dajin ya ɓace. Kullum muna wucewa ta Kawo, mu nawa muka san haka?

Kada a fahimce ni a karkace. Ba ni da rigima da yaron da aka tsayar cikin hunturu da bindiga a kafaɗa. Ɗan talaka ne kamarmu, gobe ana iya tura shi dajin Birnin Gwari ko Sambisa, ya bar mata da marayu. Rigimata da mu ce, masu ɗaukar hoto. Kowa ya san yadda take ƙarewa da wanda ya ɗaga waya a shingen soja a ranar da ba ta biki ba. Rana ɗaya tak ake ce maka zo ka ɗauka, domin an share fili, an goge takalmi, an shirya abin da ake so ka gani. Kai kuma ka yi musu tallar da ko sisi ba su biya ka ba, kana ganin gwaninta ka yi!

Akwai kuma matattun da ba a yi musu fareti. Ranar 3 ga Disamban 2023 jirgin soja mara matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri cikin ƙaramar hukumar Igabi, aƙalla mutum 85 suka rasu, soja da kansu suka amsa cewa su ne. A 2016 gwamnatin jihar nan ta shaida wa kwamitin bincike cewa an binne gawa 347 a rami ɗaya a Mando bayan abin da ya faru a Zariya a Disamban 2015. Wa ya busa musu bigila? Hotonsu nawa ne a wayarka?

Ɗan uwa, hoto shaida ne, kuma mai shaida abin tambaya ne gobe ƙiyama a kan abin da ya nuna da abin da ya ɓoye. In dai sai ka je, to juya wayarka. Can bayan rumfar manya akwai tsofaffin soja da lambobinsu a ƙirji, akwai matan da mazansu ba su dawo ba. Je ka gaishe su, ka nemi izini kafin ka ɗauka, ka rubuta sunan mamacin, garinsu, da shekarar da ya faɗi, ka tambaya ko an biya iyalinsa haƙƙinsu. In kana da tsohon soja a unguwarku, kada ka jira Janairu, domin ajali ba ya jiran biki.

Allah Ya jiƙan musulmin da suka riga mu, Ya ba mu ikon faɗin gaskiya komai ɗacinta. Wassalam.