Ƙarfin yana jikinka, ba a cikin gwangwani ba

Jama'a, yau da matasanmu masu ɗaga ƙarfe nake magana, daga Kaura Namoda har Shinkafi da Zurmi. Motsa jiki abu ne mai kyau, ina yaba muku. Abin da ba na goyon baya shi ne kuɗin da kuke zubarwa a garin "ƙara ƙwanji" da ƙwayoyin da ko mai sayarwa bai san abin da ke ciki ba.

Na san amsar da za ku ba ni: "Yallaɓai, ai na sha, kuma na ga aiki." To, saurara. A 1972 wasu masana a Amurka, Ariel da Saville, sun ba 'yan wasa ƙwayar da babu komai a cikinta, suka ce musu sitiroyid ce, maganin ƙara ƙarfi. Nauyin da suke ɗagawa ya ƙaru. A shekarar 2000 Maganaris da abokan aikinsa sun maimaita haka a Ingila da ƙwararrun masu ɗaga ƙarfe, da ƙwayar zaƙi kawai. Suka ɗaga fiye da yadda suka saba da kusan kashi 4 cikin 100. Waɗanda aka gaya wa gaskiya daga baya, ƙarin ya zube. Likitoci na kiran wannan filasibo: zuciya ta yarda, jiki ya fito da ƙarfin da dama yana da shi. Kai ka yi gumin, ɗan kasuwa ya kwashi godiya da kuɗi.

Da ƙwayar zaƙi ake sayar muku ma, da da sauƙi. Yawancin "sha ka fashe" dexamethasone ce. Tana kumbura fuska, ta tara ruwa da kitse, ta tayar da suga da hawan jini, kuma in an daɗe ana sha naman jikin ma take zaizayewa. Kumburi daban, ƙwanji daban.

Ban ce duka ƙarya ba ne. Creatine na gaskiya bincike ya nuna yana ɗan taimakawa. Amma wa ya tabbatar maka shi ne a robar da babu lambar NAFDAC?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a 2024 likitocin MSF sun gwada yara a Shinkafi da Zurmi, suka tarar kusan ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa. A irin wannan yanki saurayi zai kai dubbai wajen mai gari, ƙaninsa bai ga ƙwai ba wata guda? Haba!

Kaura da gyaɗa aka san ta. Ga wake, ga waken suya, ga ƙuli-ƙuli, ga nono. Ci ka ƙoshi, yi barci isasshe, ƙara nauyi sannu a hankali. Masu kemis kuma, ku ji tsoron Allah, 'ya'yan mutane ne. Duk mai ja, ga fili nan a ƙasa, amma ya zo da hujja.