Tumbinka ba ya ciyar da Gobir

Wani abokina, ɗan asalin Sabon Birni da ke aiki a Sakkwato, likita ya shaida masa bara cewa jininsa ya hau, sukari kuma yana bakin ƙofa, don haka ya rage ƙiba. Wata huɗu ya yi yana fama: ya bar lemon kwalba, ya rage tuwon dare, yana zaga unguwa a ƙafa bayan asuba. Sai ya je gaida gwaggonsa, wadda 'yan bindiga suka tayar daga ƙauyensu. Tana ganinsa ta tafa hannu: "Mi ya same ka, ɗan nan? Kai ma yunwar ta cim maka?" Aka dama fura da nono aka danna mata sukari, aka kawo malmala uku. Ya cinye tas, ba don yana jin yunwa ba. Kunya ce ta hana shi ɗauke hannu.

Da wannan kunyar nake faɗa, ko da yake na san tushenta. A Sabon Birni da Isa rama ba abin ado ba ce. Shekaru ke nan mutanen Bello Turji da ire-irensu suna ɗora wa ƙauyuka haraji kafin a yi noma ko girbi, dubban mutane kuma sun tsallaka zuwa jihar Maraɗi. A can, idan aka ce yaro ya rame, ana nufin tamowa: ma'aikacin lafiya ya naɗa masa ma'auni a damtse, ya tsaya a kan ja, ƙasa da santimita 11.5. Wanda ya fito daga irin wannan ƙasa, ya zauna gaban akushi ya ce yana rage cin abinci, dole a yi masa kallon mai butulci.

Daga nan ake ƙulla hujjar da ta fi kowace rusa niyyar mutum: "Jama'a na kwana da yunwa, kai kana yi wa abinci yanga?" Hujjar banza ce. Malmalar da ka ƙara a Sakkwato ba ta taɓa isa Gatawa ba. Abin da ta kai shi ne kai, zuwa layin masu ciwon suga, alhali kai ne mai albashin da gida uku ko huɗu na 'yan gudun hijira suka jingina da shi. Idan shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da kai kana ɗan shekara 50, wa zai aika musu gero?

Kuma ba gwaggo ce babbar mai laifi ba; ita ƙauna ce ta sa ta. Mu ne, 'yan boko, da muke ɗaukar teɓa shaidar cewa an samu wuri. Na sha halartar taron bita kan yunwa a otal, inda ake shan shayi sau biyu a ci shinkafa da kaza, duk wanda ya ɗebi kaɗan kuma a tambaye shi ko lafiya.

A dubi lissafin. Kwalbar lemo mai santilita 35 tana ɗauke da sukari wajen cokalin shayi 9. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce kimanin cokali 12 a yini, in da hali ma ya tsaya a 6. Kwalba ɗaya da kofin fura irin na gwaggo, an haura. Ba kuma sai mutum ya koma kamar sillen kara ba: binciken da aka wallafa a Amurka a 2002 kan mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon suga ya nuna cewa shirin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyi tare da motsa jiki ya rage kamuwa da kashi 58. Ga mai kilo 90, wannan kilo 6 ne da ɗoriya.

Wahalar ita ce jiki da kansa yana yi maka tawaye. Da zarar nauyi ya sauka, sinadaran da ke tayar da yunwa sukan ƙaru, jiki kuma ya rage ƙona abin da aka ci. Saboda haka ƙarfin zuciya kaɗai ba ya isa, musamman a gidan da ƙin abinci cin fuska ne. Sai an shirya tun kafin a zauna: a sa hannu a ci kaɗan don fita haƙƙin mai gida, a nemi a dama fura ba sukari, a kuma faɗi gaskiya a fili maimakon ƙaryar "na ƙoshi" da ba wanda ke yarda da ita.

Haka abokin nawa ya yi da ya koma. Ya sauke mata buhun gero a ƙofar ɗaki, ya durƙusa ya ce, "Gwaggo, likita ya ce sukari zai kashe ni." Ta yi salati, ta yi shiru, sannan ta aiki jikarta ta ɗebo masa zogale.