A Koya Mana, Kada A Yi Mana

'Yan'uwana ɗalibai, ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili in faɗi ra'ayina a kan wani al'amari da ya shafi da yawa daga cikinmu, watau sha'anin sa Linux a kwamfuta tare da Windows.

Ran 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa Windows 10. Windows 11 kuwa ba ta karɓar tsofaffin kwamfutoci da yawa, irin na hannu waɗanda aljihun ɗalibi ke iya saye. Saboda haka hankalin mutane ya koma ga Linux, wadda wani ɗalibi a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya soma a 1991. Kyauta ce, kowa kuma yana da izinin duba yadda aka gina ta, ya gyara, ya ba wani. Amma da yake wasu ayyukanmu har yanzu sai da Windows, abin da ya fi shi ne a ajiye su biyu a kwamfuta ɗaya, kamar gonar da aka raba aka sa iyaka. In an kunna, wata 'yar manhaja mai suna GRUB takan tambaye ka wadda kake so.

To, ga inda maganata take. Na lura in ɗayanmu yana son wannan aiki, sai ya miƙa wa wani gwani kwamfutarsa, ya tafi yawonsa, ya komo da maraice ya karɓa. A ganina wannan ba taimako ba ne, gama an yi masa aiki amma ba a ƙara masa sanin kome ba. Ga kuma hatsari. Sa'ad da ake sa Ubuntu, wadda ita ce irin Linux da aka fi sani tun fitowarta a 2004, akan nuna zaɓi: ko a sa ta kusa da Windows, ko a share faifan duka. In hannu ya zame ga na biyu, shirin darussa na koyon koyarwa da rubutun shekara guda sun tafi ke nan. Gwani bai san abin da ke cikin kwamfutarka ba, kai ka sani.

Don haka shawarata ita ce mai kwamfuta ya zauna a kujera, yatsunsa a kan madannai, mai taimako kuwa ya tsaya a gefe yana bayani. Da fari a kwashe dukan takardu a wani wuri dabam. Sa'an nan a duba ko an kulle faifan da BitLocker. In haka ne, a rubuta lambobin buɗewa guda 48 a takarda. A kashe saurin tashi na Windows, domin yakan bar faifan kamar ba a rufe shi sosai ba. A rage wa Windows fili daga cikin ita kanta, a bar wa baƙuwar gigabait 25 ko fiye. A cika batir, kada wuta ta ɗauke ana tsakiyar rabon faifai. Kafin a taɓa kome kuma, a gwada Linux daga filashi, a ga ko sauti da intanet suna aiki. Rigakafi ya fi magani.

Na san wani zai ce, "Ai wannan ɓata lokaci ne, gwani zai gama cikin sa'a guda." Gaskiya ne. Amma me zai faru bayan mako biyu, in ka shiga Windows ka tarar agogo ya koma baya da sa'a ɗaya? Wanda aka koya masa ya san dalili: Linux takan ajiye lokacin duniya, Windows takan ɗauke shi a kan lokacin gida, Nijeriya kuwa tana gaba da sa'a guda. Wanda aka yi masa sai ya sake neman gwani, watakila a ƙauyen da aka tura shi koyarwa, inda babu gwani ko ɗaya.

Ku kuma gwanayenmu, ku yi haƙuri da mu. Kada ku yi wa mai tambaya dariya, kada ku fizge masa kwamfuta don hannunsa yana nawa. Dukanmu aikin malanta muke koyo, an kuwa gaya mana a aji cewa malamin da ke yi wa yaro lissafinsa ya cuce shi. Ina roƙon hukumar kwaleji ta ba mu ɗaki ɗaya da maraicen Asabar, masu sani da masu nema su riƙa haɗuwa, kowa da kwamfutarsa da filashinsa. Wanda ya koya bana, shi zai koya wa 'yan aji ɗaya baɗi.

Iyakar maganata ke nan. Mai wani ra'ayi dabam, ga fili.