Kafin ka yar da filtar takarda ka sa ta 'yan tsere

Jama'a, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya koma neman dabarar da motarsa za ta rage shan fetur. Cikin dabarun da ake ta tallatawa har da canza filtar iska. Jiya a gareji na ga wani matashi ya cire ta takarda ya sa jar nan mai siffar mazurari, wai injin zai "shaƙi iska" ya rage sha. Ni dai ra'ayina, a ƙasar ƙura irin tamu wannan asara ce.

Injin fetur yana buƙatar kusan kilo 14.7 na iska kafin ya ƙona kilo ɗaya na mai. Ke nan duk lita ɗaya da ka ƙona, iska wajen lita dubu goma ta wuce ta filtar nan. To wace iska? Ta hunturu, mai ɗauke da hazon da ke tasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na arewacin Chadi. Ƙurar da ta tsallake filta cikin silinda za ta sauka, ta riƙa goge ringi kamar sanfefa, har ka wayi gari mota tana hayaƙi tana shan baƙin mai.

Filtar takarda, wadda mota ke zuwa da ita daga kamfani, ƙofofinta ƙanana ne, shi ya sa take kama ƙura mai laushi sosai. Aibinta ɗaya, tana toshewa, kuma ba a wanke ta. Ta auduga mai jiƙe da mai, irin ta K&N, ta fi barin iska ta wuce, wannan gaskiya ne, kuma ana wankewa a mayar. Amma fa ƙofar da ta buɗe wa iska ita ta buɗe wa ƙura. Man da ke jikinta ne ke riƙe datti. In ya bushe, tacewa ta ragu. In kuma aka labta shi da yawa, yana iya shafar sansar da ke auna iska, mota ta fara kakarewa, wutar gargaɗi ta kama. Ta soso kuwa, wadda muka sani a ƙananan janareto da baburan daji, tana jure ƙura matuƙar ana wanke ta ana shafa mata mai a kan kari. Mu nawa ne za mu yi hakan?

Ga inda masu talla ba sa so a je. Ƙarin iskar nan ba ya amfani sai ka take totur har ƙasa. A cunkoson cikin gari totur ɗin ne da kansa ke taƙaita iska, ba filta ba. Batun rage shan mai ma, a 2009 cibiyar bincike ta Oak Ridge a Amurka ta gwada motoci da filta a toshe. A masu injekta shan mai kusan bai canza ba, saboda kwamfutar mota tana daidaita fetur da iskar da ta shigo. Ƙarfin fizga ne ya ragu. Mai kafireto ce ta nuna ƙarin sha. To in toshewa ma ba ta ƙara wa Corolla ɗinka sha ba, ta ina buɗewa za ta rage?

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Al'adar nan ce ta miƙa wa mai faci filta ya hure ta da iska mai ƙarfi. Za ta fito fes, amma takardar na iya yagewa ta inda ido ba ya gani. Wasu ma cire ta suke yi gaba ɗaya idan mota ta ƙi ja, wallahi na gani da idona. Ni kaina na taɓa sayen mai araha, ashe robar bakinta ba ta zauna daidai ba. Da bakanike ya buɗe, sai ga ƙura kwance a cikin bututun da ke bayan filtar, inda bai kamata a ga ko ɗigo ba.

Yanzu da sanyi ya kama, duk bayan sati biyu nake buɗe akwatin in kakkaɓe ta a hankali, in ɗaga ta a rana. In haske ya daina ratsawa sai in sayi sabuwa ta takarda, in duba robar, in tabbatar murfin ya kulle ta kowane gefe.